Me ya sa kurket na kwana biyar ke neman zama wasan ƙasashe uku?

Tambayar da aka aiko ita ce: "A watan Yulin 2025 na ga Ostireliya ta fitar da 'yan West Indies kakaf da maki 27 kacal, alhali an ce a da su ne dodannin duniya. Gwaninta ce ta ƙare a ƙananan ƙasashe, ko akwai wani abu a ƙasa? Kuma shawarar raba ƙasashen gida biyu, manya daban ƙanana daban, za ta gyara lamarin?"

Malam, gwaninta ba ta ƙare ba. Abin da ya ƙare a hannun yawancin ƙasashen, in ban da Indiya da Ingila da Ostireliya, shi ne kuɗi da yawan wasanni, kuma tsarin da ake tafiya a kai ne ya jawo haka.

Abin da ka gani a filin Sabina Park na birnin Kingston abin takaici ne ga duk mai son wannan wasa. Maki 204 West Indies, tawagar haɗin gwiwar ƙasashen Karebiyan, ke nema, Mitchell Starc, mai jifan Ostireliya, ya fitar da mutum uku a jifa shida na farko, ya cike biyar cikin jifa 15, mutum bakwai suka koma ba su samu ko maki ɗaya ba. A tarihin wasan Test, wato kurket na kwana biyar tsakanin ƙasashe, tun daga 1877, sau ɗaya kawai aka taɓa yin abin da ya fi wannan muni, wato maki 26 na Niyuzilan a hannun Ingila a 1955. Ga shi kuwa wannan ita ce ƙungiyar da daga 1980 zuwa 1995 ta buga jerin wasanni 29 ba wanda ya doke ta, ƙungiyar su Clive Lloyd da Viv Richards da Malcolm Marshall da Michael Holding, wadda ta je har gida ta lallasa Ingila 5 da 0 a 1984. Mutanen tsibiran nan ba su daina haihuwar masu jifa da gudu ba. Don haka a wani wurin za a nemo dalili.

Fara da yadda kuɗi ke shiga. A wasannin da ƙasa biyu suka shirya tsakaninsu, al'adar ita ce mai masauki ya kwashe komai: kuɗin talabijin, kuɗin ƙofa, kuɗin talla. Baƙo yana biyan kuɗin jirginsa da albashin 'yan wasansa, ya buga, ya koma gida hannu rabbana, da fatan in an zo masa ramuwar ziyara shi ma ya samu. A takarda wannan kamar adalci ne. A zahiri kuwa kasuwannin ba ɗaya ba ne. Idan West Indies ta je Ostireliya, hukumar kurket ta can tana sayar da wasan ga gidajen talabijin masu ƙarfi da 'yan kallo masu abin hannu. Idan aka zo Karebiyan, ƙasashe da yankuna 15 ne ƙanana, jimillar jama'arsu 'yan miliyoyi, tikitin jirgi daga wannan tsibiri zuwa wancan da tsada, otal farashin 'yan yawon buɗe ido. In ba Indiya ko Ingila ce ta zo ba, asara ake tafkawa. A farkon 2024 Johnny Grave, wanda ke shugabantar harkokin hukumar West Indies a lokacin, ya fito fili ya ce sun kashe fiye da dala miliyan 2 wajen tura tawagoginsu Ostireliya cikin wata huɗu, ko sisi bai dawo musu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ka kuma tuna a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, West Indies ce ta fara yarda ta je Ingila ta zauna a killace ta buga, ta tserar da hukumar Ingila daga asarar kuɗin talabijin mai yawan gaske, ita kuwa ba ta da kaso a ciki.

Ailan ta fi kowa nuna yadda abin yake. An ba ta matsayin buga Test a 2017 tare da Afganistan, ta buga na farko da Pakistan a Malahide a 2018. Ba ta da filin dindindin mai kujeru, duk wasa sai an kafa rumfuna da wuraren zama na wucin gadi sannan a kwashe. A ƙarshen 2019 ta soke wasan Test da za ta karɓi Bangaladash, ta ce karɓar wasa ɗaya na cin kusan yuro miliyan 1. An ba ta matsayi, ba a ba ta abin riƙe shi ba.

Sai kuɗin hukumar duniya, ICC, wanda ya kamata ya zama shi ne mai cike giɓi. A rabon da aka amince da shi a 2023 na shekarun 2024 zuwa 2027, ana sa ran kusan dala miliyan 600 duk shekara. Indiya ita kaɗai tana ɗaukar kashi 38.5 cikin 100, kusan dala miliyan 230. Ingila na biye da kusan miliyan 41, Ostireliya kusan miliyan 37 da rabi, Pakistan kusan miliyan 34 da rabi. West Indies da Afirka ta Kudu kowacce ba ta kai miliyan 30 ba, Zimbabuwe da Ailan da Afganistan ba su kai 20 ba. Ƙasashe fiye da 90 da ba su da cikakken matsayi, ciki har da Najeriya, su suke raba kusan kashi 11 a tsakaninsu. Da wannan ɗan abin ne 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyuzilan da maki 2 a gasar duniya a Maleshiya a watan Janairun 2025, kuma da irinsa Kenya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 2003, daga nan aka bar ta ta lalace ba ta taɓa buga Test ko ɗaya ba.

A nan dole a yi wa Indiya adalci, domin mutane na saurin ɗora mata laifin duka. Mafi yawan kuɗin da ICC ke rabawa daga kasuwar Indiya yake fitowa: kwangilar talabijin ta Indiya kaɗai ta waɗannan shekaru huɗu ta kai kusan dala biliyan 3. Sannan zaman kashin dankali a kurket ya girmi ƙarfin Indiya nesa ba kusa ba. Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu ne suka kafa hukumar a 1909, kuma har zuwa 1993 Ingila da Ostireliya na da ikon hawa kujerar naƙi a kan duk shawarar da ba ta yi musu ba. Shekara da shekaru suna ziyartar wanda suka ga dama, su tura 'yan wasa na biyu ga wanda suka raina. Indiya ta gaji tsarin ne, ta zo da kasuwar da ta fi ta kowa. Abin da nake ƙi a hujjar "mu muke kawo kuɗin" shi ne, mai kallo a Mumbai ba don ya ga Indiya na buga wa kanta yake biya ba. Abokin karawa rabin hajar ne. Kuma hukumar da gasarta ta cikin gida, IPL, ta sayar da haƙƙin nunawa na 2023 zuwa 2027 a kan fiye da dala biliyan 6, ba ita ce ta fi buƙatar miliyan 230 na ICC ba. A 2014 Indiya da Ingila da Ostireliya suka haɗa kai, ƙarƙashin N. Srinivasan da Giles Clarke da Wally Edwards, suka karɓe ragamar hukumar da babban kason kuɗinta. Shashank Manohar, shugaban ICC a lokacin, shi ma ɗan Indiya, ya warware wani ɓangare na wannan a 2017. Rabon 2023 ya mayar da hannun agogo baya, har ya wuce inda aka tsaya.

Yanzu ga yadda rashin kuɗi ke zama rashin maki a fili, kuma nan ne na fi so ka tsaya. Ɗan wasan Test ba a wata shida ake yin sa ba. Mai riƙe sanda sai ya koyi tsayuwa awa biyar ko shida, ya san ƙwallon da zai bari ta wuce, ya san yadda jar ƙwallo ke lanƙwasa da safe in akwai gajimare da yadda take juyawa a rana ta huɗu in ƙasa ta tsage. Mai jifa sai jikinsa ya saba da dawowa karo na uku da la'asar, ƙafafu sun yi nauyi, ya ci gaba da sauke ƙwallo a wuri ɗaya. Ana koyon wannan ne a gasar kwana huɗu ta cikin gida, da tafiye-tafiyen tawaga ta biyu zuwa ƙasashen waje, kuma duka biyun kuɗi suke ci, ba sa kawo ko kwabo. Indiya na da ƙungiyoyi 38 a gasar Ranji. Ingila na da 18 masu biyan albashi duk shekara. A Ostireliya kowace jiha daga cikin shida tana buga wasa goma a gasar Sheffield Shield. Hukumar da ke fama da biyan albashi kuwa, abin da take fara yankewa ke nan, domin ba wanda zai yi mata ihu a kai sai bayan shekara biyar, ranar da aka fitar da 'yan wasanta da maki 27.

Dubi abin da kuɗi ke saya. A watan Janairun 2021 Indiya ta isa filin Gabba na Brisbane, inda rabon da a doke Ostireliya tun 1988, manyan masu jifanta duk sun ji rauni, kyaftin Virat Kohli ya koma gida tun bayan wasan farko. Ta sa Mohammed Siraj wanda wasansa na uku ke nan, da Shardul Thakur, da T. Natarajan da Washington Sundar waɗanda a ranar suka fara, kuma ta ci. Yaran nan sun riga sun sha gwagwarmaya a gasar cikin gida, wasunsu sun zaga duniya da tawaga ta biyu. Babu wata ƙasa a wajen ukun nan da za ta rasa mutum shida ko bakwai ta tsaya da ƙafarta haka.

Sannan ga gasannin T20, wasan awa uku da ake gamawa a dare ɗaya, waɗanda ke janye 'yan wasan da aka sha wahala aka raina. A gwanjon IPL na watan Nuwamban 2024 an sayi Rishabh Pant a kan fiye da dala miliyan 3 don wasan wata biyu. Shi ɗan Indiya ne, hukumarsa na iya riƙe shi: ta ma ƙara wa masu buga Test lada na musamman a 2024, kuma ba ta barin 'yan wasanta maza su shiga gasar wata ƙasa. Sauran fa? Quinton de Kock ya bar Test yana da shekara 29. Trent Boult ya ajiye kwangilarsa da Niyuzilan a 2022. Heinrich Klaasen ya bar Test a 2024. Nicholas Pooran, wanda yana cikin mafi hazaƙa da Karebiyan ta fitar a zamaninsa, ya yi sallama da wasan ƙasa a 2025 yana da shekara 29 bai taɓa buga Test ba. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Sana'a ce ta shekara goma zuwa sha biyar, akwai iyali a baya, kuma rauni ɗaya na iya rufe ta gobe.

Lamarin ya kai maƙura a watan Fabrairun 2024. Afirka ta Kudu na da wasa biyu a Niyuzilan, lokacin ya ci karo da gasarta ta T20 mai suna SA20, wadda ƙungiyoyinta shida duk mallakar masu ƙungiyoyin IPL ne. Hukumar ta tsare manyan 'yan wasanta a gida, ta tura tawagar da rabinta ba su taɓa buga Test ba, har kyaftin ɗin, Neil Brand, ranar ce ta farko gare shi. Aka doke su da maki 281 a wasan farko, aka sake doke su a na biyu. Steve Waugh da wasu tsofaffin 'yan wasa suka yi ta faɗa cewa an wulaƙanta Test. Gaskiya ne an wulaƙanta shi, amma hukumar da SA20 ce ke riƙe da numfashinta, me ake so ta zaɓa?

Jadawalin kansa ya karkace. A gasar zakarun Test ta duniya da aka fara a 2019, ƙasashe tara ne ke ciki, an bar Zimbabuwe da Ailan da Afganistan a waje. Kowace ƙasa na buga jerin wasanni shida, amma tsawonsu ya danganta da yarjejeniyar masu shi. A zagayen 2023 zuwa 2025 Ingila ta buga 22, Indiya da Ostireliya 19 kowacce, Afirka ta Kudu da Bangaladash 12. Manyan uku suna buga biyar-biyar a tsakaninsu, sauran kuwa galibi bibbiyu ake jefa musu. Indiya da Pakistan rabonsu da Test tun 2007. Bayan 2003 Ostireliya ta shafe fiye da shekara 20 ba ta karɓi Bangaladash a Test ba, ta ma soke ziyarar 2018 da hujjar ba riba. Zimbabuwe ta jira shekara 22 kafin ta sake buga Test da Ingila, a Trent Bridge a watan Mayun 2025.

Duk da haka, ba na tare da masu cewa gasa ta mutu. Abin da ya faru a fili a 2024 da 2025 ya ƙaryata su. Bangaladash ta ci Pakistan 2 da 0 a Rawalpindi a 2024. Sirilanka ta ci Ingila a filin Oval a shekarar. Niyuzilan, ƙasa mai mutum kusan miliyan 5, ta je Indiya ta ci 3 da 0, ta katse jerin nasarori 18 a jere da Indiya ta yi a gida tun bayan 2012. Afirka ta Kudun da aka yi wa dariya ta zo filin Lord's na Landan wasan ƙarshe na gasar zakarun Test a watan Yunin 2025, Aiden Markram ya yi maki 136, Temba Bavuma ya tsaya da ciwon cinya yana ɗingishi ya yi 66, suka doke Ostireliya suka ɗauki kofin, sannan a watan Nuwamba suka ci Indiya 2 da 0 a gidanta. Sai dai zakarun duniyan nan ba a shirya musu Test ko ɗaya a gida ba a kakar da ta biyo bayan kofin.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Shamar Joseph. Yaro ne daga Baracara, wani ƙauye a Guyana da sai an yi sa'o'i a kwalekwale kafin a kai, ya yi aikin gadi kafin ya samu shiga gasar kwana huɗu. A Gabba a watan Janairun 2024, ƙwallon Starc ta fashe masa yatsan ƙafa har aka fitar da shi yana ɗingishi. Washegari ya sha maganin ciwo, ya karɓi ƙwallo, ya yi ta jifa ba hutu har ya fitar da mutum bakwai a kan maki 68. West Indies ta ci da maki 8, nasararta ta farko a Ostireliya tun 1997, tsohon gwarzonta Brian Lara na ɗakin sharhi yana hawaye. Sakamako ya zama 1 da 1, duniya na jiran na raba gardama, kuma babu shi, domin wasa biyu kawai aka tsara. Haka aka yi a Afirka ta Kudu da Indiya a watan nan: 1 da 1, kowa ya kama gabansa. Ka ga ke nan ƙananan na iya cin wasa ɗaya ko jeri ɗaya. Abin da ba su iya yi shi ne ɗorewa shekara biyar a sama, saboda ba su da 'yan canji masu yawa kuma ba a ba su wasannin da za su gina su.

Game da raba gida biyu, ra'ayina a fili yake: ban yarda da shi ba. An kawo shawarar a 2016 ta faɗi, aka sake tayar da ita a farkon 2025 bayan Jay Shah ya hau kujerar ICC, a daidai lokacin da mutum fiye da 373,000 suka shiga filin Melbourne kallon Ostireliya da Indiya cikin kwana biyar. Masu goyon baya na cewa ƙarfi zai haɗu da ƙarfi, wasa zai yi armashi. Amma ziyarar Indiya ko Ingila ita ce ke ciyar da ƙananan hukumomi na shekara uku ko huɗu. Ka sauke West Indies ko Bangaladash rukuni na biyu, ka yanke wannan ziyara, ka yanke gasar cikin gidansu ke nan, kuma ba za su sake hawowa ba. Clive Lloyd ya fito ya yi adawa da shi saboda wannan dalili. Ka kuma tambayi masu shawarar: in Ingila ta faɗo ƙasa, za a fasa gasar Ashes da take bugawa da Ostireliya? Ba za a fasa ba. To tsarin da faɗuwa ta wasu ce kawai ba gasa ba ne. Tarihi ma bai goyi bayansu ba. Indiya ta yi shekara 20 kafin ta ci Test na farko a 1952, Niyuzilan ta yi 26 kafin nata a 1956, kuma ita ce ta fara ɗaukar kofin zakarun Test a 2021. Da an killace su a rukunin ƙasa tun farko, da ba a ga wannan ba.

Gyaran da nake gani ba ya buƙatar wata dabara mai zurfi, yarda kawai yake buƙata daga masu ƙarfi. Baƙo ya samu kaso daga kuɗin wasan da ya zo bugawa. Ingila ta biya Zimbabuwe kuɗin ziyara a 2025, abin da ya nuna ana iyawa, saura ya zama doka a kan kowa maimakon alheri na ganin dama. Asusun Test da aka yi maganarsa a 2024, na kusan dala miliyan 15 wanda zai tabbatar wa kowane ɗan wasa aƙalla dala 10,000 a wasa kuma ya ɗauke kuɗin tafiya, bai kai kashi 3 cikin 100 na kuɗin ICC na shekara ba. A shigar da ƙasashe 12 duka cikin gasar zakaru, kada jeri ya gaza wasa uku, in ma sai an mayar da wasu kwana huɗu don a rage tsada to a yi, a kuma keɓe watannin da gasannin T20 ba za su taɓa ba. Gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda kowa ke kallo a nan, tana raba babban kaso na kuɗin talabijin daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 20, shi ya sa ta ƙasan teburi ke iya sayen 'yan wasan da za su ba ta sama wahala.

Jadawalin da ake kai yanzu da rabon kuɗin ICC duk a 2027 za su ƙare. In sabon ya fito, ka ƙirga jerin wasanni nawa masu wasa uku ko fiye aka ba West Indies da Sirilanka da Pakistan da Afirka ta Kudu, sau nawa manyan uku za su je Harare ko Dhaka, kuma ko an rubuta kuɗin baƙo a cikin yarjejeniya.